Hular Baba Sallau

Tun da ƙudan zuma suka ƙare a ƙasa, hukuma ta saki nata na ƙarfe, ta ce su kaɗai za su riƙa aurar da furanni, wato zuba musu irin haihuwa. Shi kuwa Baba Sallau ya tsufa yana haɗa irin furen takalmi, mai leɓe kamar silifa, sai yau nasa ya buɗe, fari tas da ɗigon ja. Ya kifa masa hularsa.

Ma'aikaciyar hukuma ta shigo, ƙudan na shawagi bisa kanta, ba ko ƙara.

"Baba, ɗage hular nan. Doka ce."

"Dokar uban wa? Su zuba masa irin kamfani, ya haifo mini abin da ke kowane gida? 'Yar nan, ki ji tsoron Allah!"

"Ko ka ɗage, ko in tafi da tukunyar furen."

Ya ɗage, ya fizge leɓen furen ya yar. Ƙudan suka zagaya, da babu leɓen ba su gane fure ne ba, suka bi ma'aikaciyar waje.

Sai ya zaro tsinken tsintsiyar da zai aurar da furen da kansa.

"Yi haƙuri," ya ce wa furen. "'Ya'yanka za su yi kyau."