Wari a Kai Yake

Tela ya yi aman farko a bayan motar kwashe masai tun kafin a gama ɗaga murfin ramin. Na biyu ya zo masa da aka kunna injin zuƙa. Baba Fara'a ya dafa kafaɗarsa, ɗaya hannun riƙe da burodi.

"Ƙanena, wari a kai yake, ba a hanci ba. Yi murmushi ka ga."

Sunan ɗinki ne kawai ya rage wa Tela tun da shagonsa ya ƙone. Manaja ya ɗauke shi gwajin wata ɗaya, ya kuma gaya masa cewa mai raki ba ya kai ranar talatin. A gida akwai mata da 'ya'ya huɗu.

Baba Fara'a kuwa ya shekara ashirin a aikin. Yana karyawa a bakin rami, ƙudaje na sauka daga tiyo zuwa yatsunsa. Ba ya sa takunkumi. Turaren da yake zuba wa rigarsa ya isa mutum biyar, har direba kan buɗe gilashi yana atishawa. Manaja ya sa an rubuta maganar nan tasa ta wari a kai yake a bangon ofis da jan fenti, kuma duk sabon ma'aikaci a hannunsa ake damƙa shi.

Tela ya ƙi jinin murmushin nan fiye da abin da suke kwasa. Amma ya koya. Ya riƙa washe baki a madubi da safe. Ya cire takunkumi. Da matarsa ta ware masa kwano da bokitin wanka, sai ya ce mata wari a kai yake. Ta kalle shi, ta ƙara nisanta bokitin.

Ƙa'idar aikin ɗaya ce. In tiyo ya toshe har sai mutum ya sauka, babba ne zai kwanta rubda ciki, ya zura kai a bakin rami, ya shaƙa. In iskar ta huce, a sauka. In tana yi kamar ruɓaɓɓen ƙwai, a jira.

Ranar ashirin da tara, a bayan wani otal, tiyo ya toshe.

Tela ya leƙa, idanunsa suka kawo ruwa.

"Baba, wannan warin daban ne."

"Ka fara ko?"

Tsohon ya kwanta, ya ja numfashi mai tsawo, ya ɗago yana fara'a.

"Kamar ƙasa bayan ruwan sama. Gobe ka zama namu. Sauka."

Tela ya duba igiyar, ya tuna kwana ɗaya ya rage. Ya ɗaura ta a ƙugu. Daga baya direba ya ce har kan Tela ya shige ramin yana murmushi.

A matakala ta shida ta tsanin ramin iskar ta buge shi, hannunsa ya saki. Mutum uku suka jawo shi, baki da hanci cike da abin da ke cikin ramin.

Kwana huɗu ya yi a asibiti kafin ya iya haɗiye ruwa ba tare da ya dawo ba. A na biyar Baba Fara'a da matarsa suka zo dubiya, tsohon yana gaya wa kowane gado cewa sauƙi na nan tafe. Ya zauna, ya ciro robar madara daga aljihu, ya buɗe zai miƙa wa Tela.

Matar ta karɓe, ta kai hanci, ta yamutsa fuska.

"Ta lalace, malam. Ba na ce ka daina saye in ba na kusa ba?"

Ta juyo wajen Tela tana rufe robar.

"Yi haƙuri, ɗana. Tun zazzaɓin da ya yi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ko taya aka ƙona a gabansa ba ya jin wari."