Firjin Inna

Tun da safe firjin ya daina sanyi. Ƙanƙara ta narke tana ɗiga a ƙasa, injin ya yi ƙas kamar zai tashi, sai ya yi shiru. Nama da madara ba su dami Auta ba. Abin da ya tayar mata da hankali shi ne kwalaben allurar ciwon suga na 'yarta, waɗanda likita ya ja mata kunne kada zafi ya taɓa su.

Firjin ya girme ta. Na mahaifiyarta ne, Inna, tun na aure, kuma Inna ba ta son a yi mata zancen sauya shi, takan ce shi kaɗai ne namijin da bai taɓa ba ta kunya ba. Auta dai ta tashi da sanin mahaifinta ya rasu tun tana goye, ko hotonsa babu a gidan.

Ta kira mai gyara a waya, ta kwatanta masa gidan da irin firjin, ta roƙe shi ya hanzarta saboda allurar yarinya. Mijinta ya yi tafiya, Inna ta fita kasuwa, yarinyar tana barci a ɗaki.

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dogon tsoho ne riƙe da jakar kayan aiki da ta sha jiki. Ta ce, "Sannu da zuwa, Baba." Ya tsaya yana kallon fuskarta har sai da ta sunkuyar da kai.

Yana ganin firjin ya durƙusa, ya zura hannu can baya ya zaro wani ruɓaɓɓen katako daga ƙarƙashin ƙafar hagu, katakon da ita kanta ba ta san da shi ba. Ya janyo firjin daga bango, ya kakkaɓe ƙurar da ta toshe ragar baya, ya kara kunne a jikin injin. Ya ce injin bai mutu ba, ɗan abin da ke tayar da shi ne ya ƙone. Sai ya laluba aljihu ya fito da irinsa sak, tsohon yayi wanda aka daɗe da daina sayarwa.

Yana cikin kwance wayoyin injin, wayarta ta yi ƙara. Mai gyara ne yana ba ta haƙuri, aiki ya riƙe shi sai yamma. Ta rage murya ta ce ai mutumin da ya turo ya iso. Ya ce shi bai turo kowa ba, sai dai lokacin da ta kira a bayyane ya sa wayar, shagon kuma cike da mutane, kowa ya ji kwatancen.

Tsohon yana tsakaninta da ɗakin da 'yarta ke kwance, da dogon sukudireba a hannunsa. Ta ja baya a hankali har ta jingina da teburin girki, ta lalubo wuƙa ta ɓoye a bayanta. Da ƙarfi ta ce maigidan yana hanya, yanzu zai shigo. Tsohon ya gyaɗa kai kawai, ya tambaye ta shekarun yarinyar mai allurar. Ta ƙara damƙe wuƙar.

Nan ƙofar ɗaki ta buɗe. Yarinyar ta fito tana murza ido, ta nufi tsohon kai tsaye, don ita ba ta san baƙo ba. Tsohon ya ajiye sukudireba, ya miƙa hannu, ya ɗora shi a kan yarinyar.

Sannan ya juya ya ɗaura abin da ya zo da shi, ya maida filogi. Injin ya tashi da gurnaninsa na kullum. Ya ciro sabon katako daga jakarsa ya sa a ƙarƙashin ƙafar, daidai wa daida kamar an auna, ya ce ta bar tazara tsakanin firjin da bango, ta riƙa goge robar ƙofa da ruwan ɗumi. Muryar Inna ta taso daga titi tana gaisawa da maƙwabta. Ya tattara kayansa da sauri ya fice, ko sallama babu.

Auta ta saki wuƙar, ta rungume 'yarta, ta sa hannu a firji ta ji sanyi ya fara sauka kan kwalaben. Tana kuka Inna ta shigo, ba kwandon cefane a hannunta, ta yar da shi a waje da ta ga wanda ya fito daga gidan. Auta ta fara ba ta labari, amma Inna ba ta saurare ta ba, sabon katakon nan take kallo.

Ta ce, "Auta, wa ya buɗe wa ubanki ƙofa?"