Masu Tare Hanyar Madani

Gab da magariba, Babikir direba ya hango ƙarti sun miƙe rawani sun datse titin zuwa garin Madani. Ya taka burki.

"Kowa ya sauko!" in ji babbansu, wani tsoho mai sanda.

"Baffa, ka dubi Allah. Jiya ma ku kuka tare ni. Matata ta rantse yau in ban iso gida ba, mun ɓata."

"Ku zare masa makulli!"

Aka tisa ƙeyar direba da fasinjojinsa zuwa bayan bishiyoyi. Ga tabarmi a shimfiɗe, ga dabino, ga tuwon asida yana tururi. Ladan ya kira sallah, masu azumi suka sha ruwa.

"Yau ma girkinta zai kwana a tukunya," in ji Babikir, yana wanke hannu.

Tsohon ya turo masa kwano. "Gobe ka taho da ita, mu kama ku gaba ɗaya."