Masu Zama a Gindin Maina

Ni Ɗanjuma, kwalara ta gwada ni ta haƙura, mota ta kife da ni na fito ina dariya. Ban san tsoro ba. Da 'yata Asabe ta ce jirginsu na Legas zai sauka da hantsi, da ƙafata na je filin jirgi tarbarta.

Tun da aka kori masu yi wa jirage jagora aka sa na'ura a hasumiya, ƙungiyarsu ta koma gindin bishiyar maina a bayan shingen filin. Nan suke wuni suna kallon sama. Kowa ya sani: in suna zaune, lafiya, in sun miƙe, a kama addu'a.

Ina cikin ba shugabarsu, Hajiya Kulu, labarin motar nan, sai ta ajiye shayinta ta miƙe. Sauran ma suka miƙe.

"Hajiya, lafiya?"

"Baba, yi shiru, muna aiki."

Jirage biyu ne suka nufo hanyar sauka ɗaya. Ta dafe kunnenta, inda yanzu babu abin magana da matuƙa, tana cewa a hankali, "Na Legas, hau sama. Hau sama." Ba mai jin ta sai ni.

Jirgin su Asabe ya ɗaga, ya zagayo, ya sauka. Suka zauna.

Na ce, "Ashe na'urar ta gani."

"Matuƙin ne ya gani," in ji ta. "Su ma matuƙan baɗi za a sallame su."

Asabe ta same ni zaune a ƙasa. Na ce mata gwiwa ce ke damuna, kuma a mota za ta koma.