Tarin Yaya Barau

Shekara tara ke nan da aka miƙa wa inji duk kiran waya. Shi ke amsawa, da muryar wanda ka kira. Duk sanda Tabawa ta kira yayanta Barau a Agadas, muryar garau take, komai lafiya lau.

Sai wani direba ya kawo mata saƙon Barau: ta nemi rediyon oba-oba, wadda ake magana da ita kai tsaye ba ta hannun inji ba, yana da irinta. Ranar Laraba Ilu makanike ya ɗaura mata ɗaya a motarta ta dakon albasa, ya kafa eriya a rufi, suka hau tudun bayan gari.

Ta danne maɓalli ta shiga jero gaisuwa, ina gida, ina iyali, ya zafi. Shiru.

"Hajiya, saki maɓallin mana," in ji Ilu. "Muddin kina riƙe, ba za ki ji shi ba."

Ta saki. Sai ga tari mai tsawo, irin na tsoho.

"Tabawa? Har yanzu ba kya bari mutum ya amsa?"

Ta ɗaga kai ta dubi sama fayau.

"Ikon Allah! Yaya, yaushe ka tsufa haka?"

Cikin jakarta waya ta fara ƙara. Ta duba: Yaya Barau ke kira, alhali ga tarinsa a rediyo.