Ƙaton Faɗa-wuta da Kyamarar Kinjo

"Haba Setsuko, ki yi mini shiru mana!"

Awa uku ke nan Kinjo yana zagaye gidan malam-buɗe-littafi da kyamara a wuya, zafin Okinawa ya jiƙa masa riga sharkaf. Wani ƙaton faɗa-wuta yake nema, mai fukafukai kamar tafin hannu biyu. Guda ɗaya ya rage a gidan, kuma irinsa ba ya wuce mako guda a duniya. Gobe za a rufe gasar hotuna ta ƙungiyarsu, inda shekara huɗu ke nan yana zuwa na ƙarshe, abokansa na yi masa dariya.

Matarsa Setsuko ta sake matsowa. "Baban Rie, ka ga..."

"Na ce ki yi shiru! Surutunki ne ke korarsa."

Ta koma bayansa, ta ciro wayarta.

Ya leƙa ƙarƙashin ganye, ya durƙusa har gwiwoyinsa suka yi tsami. Ga kuma jama'a sun dame shi, duk inda ya nufa suna biye da shi da wayoyi a sama. Haƙurinsa ya ƙare, ya juyo a fusace.

"Wai ku ba ku da wurin tsayawa sai bayana?"

Nan take wani abu ya tashi fir, ya haye ƙololuwar rufin gilashi.

Setsuko ta miƙa masa wayarta. A hoton da ta ɗauka, ga ƙaton faɗa-wutan nan ya baje fukafukai a gadon bayan Kinjo.

"Tun yaushe?"

"Tun shigowarmu. Kai ka ce in yi shiru. Af, har na tura wa gasar taku hoton."