Ƙwaryar Furar Inna

Shekara huɗu da aurensu a Doso babu haihuwa, kullum mahaifiyar Saini sai ta aiko wa Zalika ƙwaryar fura don ta ƙara jiki. Yau Zalika ta dawo daga asibiti ta tarar da ƙwaryar, ta kasa haɗa ido da mijinta.

"Likita ta ce wata ƙwaya ce a maƙogwarona ta ɗan yi sanyin aiki. In sha magani, in rage ƙiba, wataƙila a dace." Muryarta ta yi ƙasa. "Amma in na rame, dangi za su ce ba ka ciyar da ni."

Saini ya dube ta. Ya jawo ƙwaryar, ya kafa kai ya shanye tas, ya goge baki.

"Su faɗa. Ke dai sha maganinki. Ƙibar da Inna ke so, ni zan yi mata."